Cape Coast da Elmina a Watan Agusta: Yanayi, Tarihi da Abin Gani

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Zariya. Ina so in kai iyali Gana a hutun makaranta na watan Agusta, ni da uwargida da yara uku, babbansu shekara 14, ƙaraminsu 6. An ba ni shawarar Cape Coast da Elmina. To amma Agusta ai tsakiyar marka ce, anya ba za mu kashe kuɗi mu je mu zauna a ɗaki ba? Sannan in ban da tsofaffin gidajen tsare bayin nan, akwai wani abin gani? Yara kuma sai zumuɗin wanka a teku suke yi. Don Allah a yi mini bayani dalla-dalla."

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayoyinka uku ne, ruwan sama, abin gani da wankan teku, kuma duk ukun amsarsu daga wuri ɗaya take fitowa, wato yadda gaɓar tekun nan take kwance. In ka fahimci wannan, sauran duk mai sauƙi ne. Amma kafin in shiga, bari in kwantar maka da hankali: Agusta lokaci ne mai kyau na zuwa. Watan da ake gudu a can shi ne Yuni.

Dalilin da Agustan can ya bambanta da namu

Mu a Arewa damina ɗaya muka sani, ta fara a Mayu, ta cika a Agusta, ta ɗauke a farkon Oktoba. Kudancin Gana damina biyu gare su. Babbar tana kankama a Afrilu, ta yi ƙarfi a Mayu da Yuni, ta sassauta a tsakiyar Yuli. Daga nan sai a sami wani ɗan rani na makonni shida zuwa takwas, wanda Agusta ke tsakiyarsa. Ƙaramar damina ta biyo baya daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, Oktoba ce tsakiyarta. Disamba zuwa Maris kuma rani ne sosai.

Abin da ke jawo haka shi ne hadarin damina a Afirka ta Yamma ba a wuri ɗaya yake tsayawa ba. Yana tasowa daga teku ya nufi arewa yana bin rana, ya ratsa ta kan gaɓa a Mayu da Yuni, ya iso ƙasar Hausa a Yuli da Agusta, sannan ya juya kudu ya sake bi ta kan gaɓar a Oktoba. Ka ga ke nan ruwan da kake tsoron tararwa a Cape Coast cikin Agusta, a lokacin yana kan rufin gidanka a Zariya.

Akwai dalili na biyu, kuma shi ne ya sa wannan yanki ya fita dabam da irin su Legas ko Kalaba. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi daga ƙarƙashin teku yana tasowa sama a bakin gaɓar Gana. Zafin saman tekun da yake kusan digiri 28 ko 29 a Maris da Afrilu yakan sauko zuwa wajen 22 ko 23 a Agusta. Iskar da ta bi ta kan ruwa mai sanyi ba ta tashi sama ta haɗa hadari mai tsawa, sai dai ta kwanta ta yi lullumi. Shi ya sa za ka ga gari ya yi duhu tun safe kamar yanzu za a kece da ruwa, amma a wuni ba a yi ba, ko a yi ɗan yayyafi na minti goma a ɗauke. Baƙo daga Arewa yakan ɓata kwana guda a ɗaki yana jiran ruwan da ba zai zo ba. Kada ka bari gajimaren ya ruɗe ka.

Na uku shi ne lanƙwasar gaɓar kanta. Iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa. Yamma da Cape Three Points, wanda shi ne ƙarshen ƙasar Gana ta kudu, iskar tana dukan ƙasa gaba da gaba, saboda haka garin Axim yakan sami ruwa sama da milimita 2,000 a shekara. Gabas da wannan wuri sai gaɓar ta karkata ta nufi arewa maso gabas, iskar ta riƙa bin gefenta kawai tana wucewa. Akra, wadda dattawanmu fatake ke kira Ankara, ruwanta bai fi milimita 800 a shekara ba, bai ma kai na Zariya ba, ga shi kuwa a bakin teku take. Cape Coast tana tsakanin biyun, wajen milimita 1,000. In kana tafiya a mota daga Akra ka nufi yamma za ka ga wannan da idonka: ciyawa da ƙananan itatuwa a wajen Winneba, kurmi-kurmi a wajen Cape Coast, kana wuce Takoradi kuma sai gonakin roba da kwakwa da daji mai duhu.

Maganar zafi kuwa, ma'auni ba ya faɗin gaskiyar abin da jiki ke ji. Da rana a Fabrairu da Maris digiri 31 zuwa 32 ne, abin da ɗan Zariya ko Sakkwato zai raina. Amma iskar cike take da danshi, gumi ba ya bushewa, dare kuma ba ya sauka ƙasa da 24 ko 25. Mu mun saba da zafi busasshe wanda in ka shiga inuwa ka huta. Na can inuwa ba ta yi masa magani sai iska. A Agusta rana ba ta cika wuce 26 ko 27 ba, dare ya yi daɗin barci ko da fanka kawai. Ga mai yawo da yara a cikin tsofaffin gine-gine da hawan tudu, babu watan da ya fi shi sauƙi. Hunturu yana isa gaɓar tsakanin ƙarshen Disamba da farkon Fabrairu, amma ya riga ya gaji kafin ya iso, ɗan hazo ne da sassaucin danshi, ba irin namu mai fasa leɓe ba.

Agusta tana da nata aibin. Rana ba ta cika fitowa ba, don haka hotunan shuɗin teku da kake gani a intanet ba lallai ka same su haka ba. Wanki yakan kwana biyu bai bushe ba, kaya a cikin jaka su fara warin danshi, saboda haka ku ɗauki tufafi marasa kauri, kuma ku fito da su ku rataye da zarar kun sauka. Teku kuma a lokacin ta fi haukacewa, zan zo kan wannan.

Abin da ya tara Turawa a wannan gaɓa

Daga Keta a gabas zuwa Beyin a yamma, tsawon kimanin kilomita 500, Turawa sun gina sansanoni masu ganuwa da igwa birjik, kusan 30 daga cikinsu suna nan har yau, wasu a tsaye wasu kufai. Babu wani yanki a Afirka da suka taru haka. A 1979 hukumar UNESCO ta saka su cikin kayan tarihin duniya. Uku ne manya: na Elmina, na Cape Coast, da na Osu a Akra.

Zinariya ce ta fara kawo su, ba bayi ba. Turawan Fotugal sun iso a 1471, suka tarar ana sayar da zinariya dab da bakin ruwa, irin wadda da can fataken Wangarawa ke haurawa da ita arewa har ta tsallake Sahara. A Janairun 1482 Diogo de Azambuja ya zo da mutum kusan 600, sojoji da magina, da wasu duwatsun da aka riga aka sassaƙe tun daga gida, ya gina sansanin Elmina a kan wani dutse tsakanin teku da bakin tafkin Benya. Shi ne ginin Turawa mafi tsufa da ya rage a Afirka kudu da Sahara. Sunan Elmina daga kalmarsu ta mahaƙar ma'adinai ya samo asali. Mutanen garin Edina suke ce masa. Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, a shekarun farko shigo da bayi ake yi Elmina, ba fitar da su ba. Turawan Fotugal sukan sayo mutane daga wajen Binin su sayar wa 'yan kasuwar ƙabilar Akan a karɓi zinariya.

A nan ma siffar gaɓar ta yi aiki. Yawancin bakin tekun Afirka ta Yamma rairayi ne da fadama, ba inda za a kafa harsashin gini mai nauyi. Nan kuwa kowane 'yan kilomitoci sai ka ga dutse ya kutsa cikin teku, bayansa da ɗan lungu inda kwale-kwale zai iya sauka. A kan waɗannan duwatsu aka gina sansanonin. Babu tashar da babban jirgi zai raɓa, sai dai ya tsaya can nesa, masu kwale-kwale na Fante, ƙabilar yankin, su yi ta jigilar kaya da mutane ta cikin igiyar ruwa. Haka aka yi ta yi har aka buɗe tashar Takoradi a 1928, ta Tema kuma a 1962. Wannan ya sa Bature bai taɓa iya rayuwa a nan ba tare da yardar masu ƙasa ba. Hayar fili suke biya wa sarakuna, ruwa da abinci da 'yan kwale-kwale duk daga gari suke samu.

Turawan Holan sun ƙwace Elmina a 1637. Ba ta teku suka ci ta ba, tudun da ke fuskantarta suka hau da igwa suka yi ta luguden wuta daga sama. Don kada a yi musu irin abin da suka yi, sai suka gina wani sansani a kan tudun, wanda ake kira St. Jago. Ku hau shi, minti goma ne a ƙafa, daga nan ake ganin garin gaba ɗaya. Na Cape Coast kuwa Turawan Suwidin ne suka fara shi a 1653, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wa Ingila a tsakiyar shekarun 1660. Tun daga ƙarshen ƙarni na 17, da gonakin rake suka bunƙasa a nahiyar Amurka, cinikin mutane ya rinjayi na zinariya, ɗakunan ajiyar kaya suka koma kurkuku. Cikin mutum kimanin miliyan 12 da rabi da aka ɗora a jirage daga Afirka, wajen kashi ɗaya cikin goma daga wannan gaɓa aka ɗebe su. Ingila ta haramta cinikin a 1807. A 1872 Holan ta miƙa mata Elmina, mutanen garin da yawa suka ƙi yarda, sai Ingilishi suka ragargaza tsohon garin da igwa a 1873, suka kai Sarki Kobina Gyan gudun hijira Saliyo. Filin da za ka gani fayau a gefen sansanin, nan tsohon garin yake. A cikin sansanin nan kuma aka tsare Sarkin Ashanti Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a wuce da shi Saliyo, daga baya tsibirin Seychelles. Cape Coast ce hedikwatar mulkin Ingila a ƙasar har 1877 da aka koma Akra, shi ya sa tsofaffin makarantun Gana suke can, irin su Mfantsipim ta 1876 inda Kofi Annan ya yi karatu.

Zagayen kowane sansani da ɗan rakiya yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya. A Cape Coast za a gangara da ku kurkukun maza na ƙarƙashin ƙasa, inda masu rakiya kan ce an cusa har mutum 1,000 a lokaci guda, ga coci a samansa daidai. Za a nuna muku ɗakin da ake kulle masu bore, ba taga ba iska, sannan ƙofar da ake fitar da mutane zuwa kwale-kwale, wadda ake wa laƙabi da ƙofar da ba a dawowa. A Elmina akwai barandar da gwamna ke tsayawa yana leƙen farfajiyar mata. Shawarata game da yara: mai shekara 14 ya shiga ko'ina, ya kamata ma ya ji. Mai shekara 6 kuwa ɗayanku ya tsaya da shi a sama wajen igwogin lokacin da za a shiga kurkuku, domin akwai duhu da zafi da wari, wasu masu rakiya kuma sukan rufe ƙofa na ɗan lokaci don mutane su ɗanɗana. Kada ku haɗa sansanonin biyu rana ɗaya. Nisan bai wuce kilomita 13 ba, amma zuciya ba ta ɗauka, na biyun sai ya zama kallon bango kawai.

Tarihin nan bai bar mu a waje ba

Bahaushe yakan shiga wuraren nan yana ganin labarin Turawa ne da mutanen Kudu. Ba haka ba ne. Bayan Ashanti sun rinjayi Gwanja da Dagomba a ƙarni na 18, suna karɓar harajin bayi daga can, wasunsu kuma gaɓa ake gangarowa da su. A Assin Manso, kimanin awa ɗaya a mota daga Cape Coast kan hanyar Kumasi, akwai rafin da ake yi wa bayi wankan ƙarshe kafin a kai su kasuwa. Sunansa Donko Nsuo, kuma kalmar donko a bakin Akan bawa ɗan Arewa take nufi. Fataken Gwanja da muke alfahari da su, masu kai kanwa da tufafi da fatu Salaga su sayo goro, akwai bayi a cikin hajar wasunsu. Gara yaro ya ji wannan daga bakin mahaifinsa.

Ta wani ɓangaren kuma, Hausawa sun zo nan a matsayin soja. Baturen Ingila John Glover ya kafa rundunar da ake kira Hausawan Glover a Legas a 1863, yawancinsu bayi ne da suka gudo ko aka 'yanta, ba kuma dukansu ne Hausawa na asali ba. An kawo su yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874, daga cikinsu kuma aka gina rundunar tsaron Gold Coast (sunan Gana a lokacin) a 1879, Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki. Tsofaffin sojoji da fatake da mahauta su ne tushen unguwannin Zango. A Cape Coast ka nufi wajen kasuwar Kotokuraba, za ka sami masallaci da mai jin Hausa da naman da hankalinka zai kwanta da shi. Garin Kasoa da za ku ratsa a hanya, kalmar kasuwa ce aka lanƙwasa. Waakye da za a sayar muku da safe shinkafa da wake ce, ga koko da ƙosai, ga tsire da suke kira chichinga. A wuraren cin abinci na bakin teku, inda ake sayar da naman alade da giya, ku tsaya kan kifi. Dokono irin na Fante da soyayyen kifi da barkono shi ne abincin gari.

Abin gani bayan sansanoni

Tashar masunta ta Elmina ita ce ta farko. Ka tsaya kan gadar da ke bakin tafkin Benya tsakanin ƙarfe 6 da 8 na safe lokacin da jirage ke dawowa. Ɗaruruwan kwale-kwale ne manya, gindin kowanne daga gungumen itace guda aka fafe shi, an yi musu fenti da tutoci da rubuce-rubuce. Ga sa'arka: ruwan sanyin nan da ke hana ruwan sama a Agusta shi ne ke taso da abincin kifi daga ƙasa, don haka Yuli zuwa Satumba ne kakar ƙananan kifin da ake kyafewa. Amma kada ka je ranar Talata, masunta ba sa fita teku ranar, al'ada ce tsohuwa. Kuma a nemi izini kafin a ɗauki hoton mata masu kifi, ba sa son a ɗauke su kamar kayan kallo. A cikin gari za ku ga wasu gine-ginen siminti masu mutum-mutumi da jirage da zakuna. Na ƙungiyoyin Asafo ne, dakarun gargajiya na unguwanni, kuma wuraren tsafinsu ne, a kalla daga waje.

Na biyu dajin Kakum, kilomita 30 da ɗoriya arewa da Cape Coast, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 375. Ga yaron da ya tashi a ƙasar Hausa, ganin itace mai tsawon mita 50 ma kaɗai ya isa tafiya. Abin da ya yi suna a can gadar igiya ce da aka buɗe a 1995, gadoji bakwai a jere daga wannan itace zuwa wancan, tsawonsu duka ya haura mita 300, wani wurin tsayinta daga ƙasa ya kai mita 30 zuwa 40. Faɗin katakon takawa bai fi na ƙafa biyu ba, amma raga ta kai kafaɗa ta kowane gefe. Tana lilo, kuma abin da ke ƙara lilon shi ne mutane su taru a gada ɗaya ko yara su yi tsalle. A bar tazara, babba a gaba babba a baya. Kafin a kai gadar akwai hawan tudu na kusan minti 20 a kan matakala da saiwoyi masu santsi, saboda haka takalmi rufaffe, ba silifa ba, uwargida kuma ta sa abin da ba zai harɗe ta ba. Ku isa da an buɗe da safe, ranar aiki, kafin motocin ɗalibai su iso. Akwai giwayen kurmi da birai a dajin, amma kada ka yi wa yara alkawarin ganinsu; abin da ake gani tsuntsaye ne da malam-buɗe-littafi.

Bakin teku mai kyau ba a cikin gari yake ba. Kusa da garuruwan masunta akwai shara da robobi da bahaya, gaskiya ke nan. Sai an ɗan fita, irin su Brenu yamma da Elmina ko wajen Anomabo ta gabas, inda rairayi ke da tsabta ga inuwar kwakwa. In kuna da kwana biyu na ƙari, ku wuce Takoradi, kimanin kilomita 75 daga Cape Coast, ku kai Busua da Dixcove. Ƙauyen Nzulezo da aka gina bisa turaku a kan tafki yana can gaba kusa da iyakar Kwaddibuwa, sai an shiga kwale-kwale. Da ɗan shekara 6, in mako guda kacal gare ku, ni ba zan saka shi a lissafi ba.

Maganar wanka a teku

A nan zan yi maka magana ba sassauci. Tekun Atlantika a gaɓar Gana ba tafki ba ce, kuma daga Yuni zuwa Satumba ta fi ƙarfi, saboda lokacin ne guguwar hunturun kudancin duniya ke turo manyan igiyoyi. Ƙasan yana da gangare, taku uku daga ruwan gwiwa sai ka ji ba ƙasa. Abin da ya fi kashe mutane shi ne wata magudana da ruwan da igiya ta watso kan rairayi yake bi ya koma teku da gudu. Mugun abin, wurin ya fi ko'ina kama da lafiya: wani ɗan tsagi ne mai duhu inda igiya ba ta fashewa, kumfa da tarkace suna tafiya ciki maimakon fitowa. Baƙo yana ganinsa sai ya ce ga inda ya lafa. Wanda magudanar ta ja, in ya yi ƙoƙarin iyo kai tsaye zuwa tudu zai gaji ya nutse. Abin yi shi ne ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu, ya yi iyo ta gefe yana bin tsawon gaɓa har ya fita daga tsagin. Wanda ya iya iyo a rafi ko dam bai iya wannan ba, kuma yawancin wuraren babu masu ceto.

Dokar da nake ba iyalai ita ce: yara iyakarsu ruwan idon sawu, hannunsu a hannun babba, fuska tana kallon teku, ba a ba ta baya. Doguwar riga da hijabi da zani in suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa, don haka ko babba kada ya wuce gwiwa da su. Ba a hawa duwatsun da ke jiƙe don ɗaukar hoto, jiƙewar shaida ce igiya tana kaiwa nan. In wani ya faɗa, a kira masunta, kada wanda bai iya ba ya bi shi. Zumuɗin wanka kuma a kashe shi a masaukin da ke da wurin ninƙaya na yara. Ka sa wannan cikin sharuɗɗanka tun wajen zaɓen masauki.

Hanya da tsarin kwanaki

Mai fasfon Najeriya ba ya buƙatar biza, yana da kwana 90 a ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS, amma kowane yaro da nasa fasfon, kowa kuma da katin rigakafin shawara, wanda sai ya kwana 10 da yi kafin ya fara aiki. 'Yan'uwa masu fasfon Nijar su tuntuɓi ofishin jakadancin Gana tukuna, tunda Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025. Jirgi daga Legas zuwa Akra kimanin awa ɗaya ne. Ta mota kuwa iyaka uku za a tsallake, Seme, Hilla Condji da Aflao, wuni guda ne cur, da yara ban ba da shawara ba. Agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya. Sauro kuma yana nan duk shekara, ku tafi da gidan sauro ko maganin shafawa.

Akra zuwa Cape Coast kilomita 145 ne ko kusa da haka, awa uku in hanya ta yi kyau, biyar in cunkoson Kasoa ya kama ku. Dabarar ita ce a saɓa wa ma'aikata: ku bar Akra da safe lokacin da su suke shigowa, ku dawo da tsakar rana. Fita daga Akra bayan la'asar, ko komowa yammacin Lahadi, shi ne shiga tarko. Asabar ma ranar jana'iza ce a kudancin Gana, hanyoyi sukan cika. Motocin haya suna tashi daga unguwar Kaneshie a Akra. Kuɗin shiga wurare na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, yana kuma sauyawa, saboda haka ba zan ba ka adadi ba. Ka riƙe sidi, kuɗin Gana, a hannu, ba ko'ina kati ke aiki ba.

Kwana huɗu a yankin sun wadatar: ɗaya na sansanin Cape Coast da kasuwa, ɗaya na Kakum, ɗaya na Elmina tun daga asubar masunta har tudun St. Jago, ɗaya na bakin teku ko Assin Manso. In kana son biki, na Fetu Afahye a Cape Coast Asabar ɗin farko ta Satumba ake yi, na Bakatue a Elmina Talatar farko ta Yuli. Ƙarshen Yuli zuwa 1 ga Agusta kuma baƙi daga Amurka da Karibiyan sukan cika gari don tunawa da 'yanta bayi, masauki ya yi tsada. Mako na biyu da na uku na Agusta sun fi sarari.

Duk alƙaluman yanayin da na ba ka matsakaicin shekaru ne, ba alkawari ba. Wata shekarar babbar damina takan ja har ƙarshen Yuli, wata kuma ƙaramar ta yi sammako. Maganin wannan shi ne kada ka ɗaure kowace rana da wuri tun daga gida. Ka duba gari da asuba: in ƙasa a bushe take ku tafi Kakum, domin shi kaɗai ne ruwa ke ɓata wa, dajin kuma ya fi bakin teku samun ruwa. In an wayi gari da yayyafi ku shiga sansani, rabin zagayen a ƙarƙashin rufi ake yin sa. Allah Ya kai ku lafiya, a gaida uwargida da yara.